Me ya hana mutanen Guiuan tashi daga bakin teku?

Tambaya: Malam, na kalli wani tsohon rahoto kan guguwar Haiyan da ta afka wa ƙasar Filifin a 2013, aka nuna wani gari mai suna Guiuan da kusan babu gidan da ya tsira da rufinsa. Wane irin gari ne wannan, su wane ne mutanensa, kuma da me suke ciyar da kansu? Tunda sun san a hanyar guguwa suke, me ya hana su tashi su koma tudu?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, amma ba za ta amsu ba sai ka fara ganin inda garin yake zaune.

Filifin ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,600. Daga cikin manyansu akwai Samar, can gefen gabas. Idan ka bi Samar har ƙarshenta ta kudu maso gabas, sai ƙasar ta tsuke ta zama siririn ziri da ya kutsa cikin ruwa. A kan wannan zirin Guiuan take (ana furta sunan Giwan), a lardin Samar ta Gabas. Ta yamma akwai mashigin Leyte, ruwa marar zurfi sosai, mai ɗan sauƙin kai. Ta gabas kuwa Tekun Fasifik ne tsagwaronsa, babu wata ƙasa babba da za ta kare garin har tsawon dubban kilomita. Ba da nisa ba daga wannan gaɓa, ƙasan teku ya rufta ya zama wani dogon kwazazzabo wanda a wani wurin zurfinsa ya haura mita 10,000. Shi ya sa girgizar ƙasa ma ba baƙuwarsu ba ce. A ranar 31 ga Agusta 2012 an yi wata mai ƙarfin 7.6 a cikin teku, gabas da garin.

Guiuan ba dunƙulallen gari ɗaya ba ne. Ƙaramar hukuma ce mai mutum kimanin 53,000 a ƙidayar 2020, an raba ta zuwa unguwanni 60 da suke kira barangay, kowacce da zaɓaɓɓen shugabanta da 'yan majalisarta. Wasu unguwannin suna kan zirin, wasu suna warwatse a tsibirai. Calicoan tana manne da garin ta hanyar mota, kuma a ƙarshenta akwai Sulangan. Tubabao da Manicani suna ɓangaren mashigi. Homonhon da Suluan kuwa suna can nesa a bakin Fasifik, sai an yi awa biyu zuwa uku a jirgin ruwa mai inji, in kuma teku ta hau to babu tafiya, mai ciwo da mai naƙuda kowa sai ya jira. Babban birnin da ya fi kusa shi ne Tacloban da ke tsibirin Leyte, tafiyar kamar awa uku a mota, ana tsallaka gadar San Juanico.

Ƙasar wurin mafi yawanta dutsen farar ƙasa ne da murjanin da ya daɗe da tasowa daga teku. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa a sama, tsotse shi take yi ya bi ta ramuka da koguna na ƙarƙashi. Saboda haka fadamar shinkafa kaɗan ce, alhali shinkafa ce abincinsu safe, rana da dare. Yawancinta sayowa ake yi daga wasu wurare. Abin da ƙasar ta yarda da shi shi ne kwakwar attagara, da rogo, da dankali, da gwaza, da ayaba. Riƙe wannan, domin shi ne rabin amsarka: tudun da kake cewa su koma ba shi da abin da zai ciyar da su yadda teku ke yi.

Ba su da rani irin wanda muka sani. Ruwa yana sauka a kowane wata, ya fi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Janairu. Abin da ke raba musu shekara shi ne iska. Akwai amihan, mai busowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba har cikin Maris, akwai habagat, mai zuwa daga kudu maso yamma a tsakiyar shekara. A nan sirantar garin take zama alheri. Idan amihan ta hargitsa gefen Fasifik, masunci sai ya koma mashigi inda ƙasa ta kare masa iska. Idan habagat ta juyo ta dami mashigi, gefen gabas ya lafa. Gari ne mai teku biyu, da wuya duka biyun su rufe a lokaci ɗaya sai in guguwa ce. A kowace shekara guguwa kusan 20 ke shigowa yankin da hukumar yanayi ta ƙasar, PAGASA, take sa wa ido, kamar takwas ko tara su taka ƙasa, kuma da yawansu ta wannan gefen gabas suke shigowa. Shi ya sa aka kafa na'urar rada ta hango guguwa a kan tudun Guiuan.

Mutanen garin Waray ne, harshensu ma Waray, ban da Tagalog da Ingilishi da ake koya a makaranta. Kusan dukkansu Kiristoci ne mabiya ɗarikar Katolika, gadon mulkin Sifaniya na fiye da shekara 300. A tsakiyar gari akwai tsohuwar majami'ar dutse da limaman Jesuit suka gina a ƙarni na 18, an ƙawata cikinta da bawon kifin teku da murjani, an kuma kewaye ta da ganuwa saboda hare-haren da ake kawowa ta ruwa daga kudu a wancan zamani. Ranar 8 ga Disamba ce babbar ranar garin. 'Yan gari da ke manyan biranen Manila da Cebu suna dawowa, kowane gida ya ɗora tukunya, baƙo ya shiga inda ya ga dama ya ci. Ana rawar kuratsa, namiji da mace su fito fili, jama'a na watsa musu kuɗi, a tattara kuɗin a ba majami'a ko wani aikin gayya. Musulmin ƙasar sun fi yawa ne a kudu, Mindanao da tsibiran Sulu. Musulmin da ya je Guiuan sai ya kula da abin da zai ci, don naman alade shi ne abincin biki, amma kifi ba ya yankewa, kuma mutanen ba sa jin haushi in ka faɗi abin da ba ka ci.

Yanzu ga sana'a. Kwalekwalensu siriri ne, na katako, an ɗaura masa gora biyu ta dama da hagu a kan sanduna don kada igiyar ruwa ta kifar da shi, sannan a sa masa ƙaramin inji. Da asubar fari, ko tun cikin dare ga masu kamun da ke buƙatar fitila, mutum biyu ko uku su tura shi cikin ruwa da ƙugiya ko koma. Hantsi na yi za ka ga mata a bakin gaɓa da robobi suna jira. Kafin a taɓa kifin sai an fitar da kuɗin mai da na ƙanƙara, sannan a raba saura tsakanin mai jirgi da yaran jirgi. Kuma sau da yawa ba su da ikon kai shi inda suka so, domin mai sarin kifin shi ne ya ba da bashin man tun jiya, don haka shi za a kai wa, shi zai yanka farashi. Wannan hulɗa ba mugunta zalla ba ce. Ranar da teku ta hana fita, ko yaro ya kwanta ciwo, wurin mai sarin nan ake zuwa. Amma ita ce ke sa masunci ya shekara yana aiki ba tare da ya tara abin da zai sayi injin kansa ba.

Akwai wani aikin da ba ya shiga lissafin hukuma, kuma shi ke riƙe da tukunyar talaka. Idan teku ta janye, filin murjani da ciyawar ruwa ya bayyana, mata da yara sukan fita da bokiti da ɗan ƙarfe mai tsini suna tsintar dodon koɗin teku, da ƙaguwa, da dorinar ruwa mai hannu takwas da ke ɓoye a rami. Ba a buƙatar jirgi, ba a buƙatar mai, ba a cin bashin kowa. Gidan da ba a samu ko sisi ba a ranar zai kwana da miya. Ragowar kifi kuma a tsaga shi, a sa gishiri, a shanya a rana, ya zama guzurin kwanakin iska. Suna kuma cin ɗanyen kifi da aka jiƙa a ruwan tsami da citta da barkono, suna kiran sa kinilaw.

Sana'a ta biyu ita ce kwakwa. Bayan kowane wata biyu ko uku a sauke 'ya'yan, a kafa ƙarfe mai tsini a ƙasa a riƙa soka kwakwar a kai ana ɓare ɓawon, a fasa ta biyu da adda, a jera a kan rumfar da aka hura wuta a ƙarƙashinta har naman ya bushe ya saki ƙoƙon. Wannan busasshen nama shi ake zubawa a buhu a kai wa ɗan kasuwa, daga nan ya wuce matatar mai. Da yawa cikin masu wannan wahala gonar ba tasu ba ce, rabo suke yi da mai ƙasa. Daga bishiyar kuma ake tatsar bammin da suke kira tuba: mai hawa ya hau safe da yamma, ya yanki bakin furen, ya maƙala gora ta tare ruwan, a zuba wani ɓawon itace da ke mayar da shi ja. Ganyen ya zama rufi da tsintsiya, ƙoƙon ya zama gawayi, kututturen ya zama katako. Kifi shi ke ba da abincin yau, kwakwa ita ke ba da dunƙulallen kuɗin makaranta da na biyan bashin mai tireda, wanda kusan kowane gida yake da shafi a littafinsa. Da duk wannan, a 2012 fiye da rabin iyalan lardin Samar ta Gabas suna cikin waɗanda hukumar ƙididdiga ta lissafa a matsayin matalauta, tun kafin guguwar da ka gani.

Zaman garin a ƙofar Fasifik ya sa baƙin duniya sun sha bi ta kansa. A watan Maris 1521 jiragen Sifaniya ƙarƙashin matuƙi Ferdinand Magellan suka iso bayan sun tsallako teku a galabaice, suka sauka a Homonhon, mutanen Suluan ne suka zo musu da kifi da kwakwa da ayaba da bammi. A ranar 17 ga Oktoba 1944 sojojin Amurka suka dira Suluan, wanda shi ne matakin farko na yaƙin ƙwato Leyte daga hannun Japan, daga baya suka mayar da Guiuan babban sansanin sojan ruwa, suka shimfiɗa filin jirgin sama da har yanzu yana nan. A 1949 kuma, lokacin shugaba Elpidio Quirino, Filifin ta karɓi Rashawa 'yan gudun hijira kusan 6,000 da suka tsero daga ƙasar Sin, aka zaunar da su a tantuna a Tubabao har suka samu ƙasashen da suka ɗauke su. Ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga yaƙi ba, ita kanta tana cikin rashi, amma ta buɗe ƙofa a lokacin da masu hali suka rufe tasu.

Sai Haiyan, wadda su suke kira Yolanda. Da misalin ƙarfe 4:40 na asubahin 8 ga Nuwamba 2013 ta fara taka ƙasa, kuma a Guiuan ta taka. Cibiyar sojan Amurka mai bibiyar guguwa ta ƙiyasta gudun iskarta a kilomita 315 cikin awa. Ta kwashe rufin gidaje, ta rushe rufin tsohuwar majami'a, ta fizge murfin na'urar radar kanta. A gaɓar gabashin Samar igiyar ruwa ta mirgina duwatsu masu nauyin sama da tan 100. A faɗin ƙasar mutum fiye da 6,300 suka rasu. Amma a Guiuan, inda iskar ta fi ƙarfi, waɗanda suka rasu sun kai kimanin 100 daga cikin mutum 47,000, yayin da a Tacloban aka rasa sama da 2,000.

Wannan bambanci yana da dalili. Abin da ya fi kisa a irin wannan guguwa ruwa ne, ba iska ba. Tacloban tana can ƙuryar mashigi, inda ruwa ba shi da zurfi kuma bakin ya tsuke. Da iska ta turo teku ciki, ruwan bai samu wurin bazuwa ba, sai ya taru ya hau mita biyar zuwa shida ya shiga unguwanni masu cunkoso. Guiuan tana waje, ruwan ya samu hanyar wucewa, murjani da kurmin itatuwan bakin teku sun rage wa igiya ƙarfi a wasu wuraren, kuma akwai tudun dutse kusa. Ga shi an kwashe mutane da yawa tun kafin dare, wasu ma kogon dutse suka shiga kamar yadda kakanninsu ke yi. Bayan kwana kaɗan, filin jirgin nan na zamanin yaƙi shi ya zama mashigar kayan agaji na yankin gaba ɗaya.

Abin da rahotanni ba su cika nunawa ba shi ne abin da ya biyo baya. Rufin kwano ana mayar da shi cikin makonni. Jirgin ruwa ma ƙungiyoyin agaji sun raba da yawa, har wasu masana suka fara nuna damuwa cewa jirage sun fi ƙarfin kifin da ya rage. Amma a yankin Visayas ta Gabas, wanda ya haɗa Samar da Leyte, bishiyar kwakwa kimanin miliyan 33 guguwar ta lalata, kuma sabuwar shuka sai ta yi shekara shida zuwa takwas kafin ta fara 'ya'ya. Wato yaron da ke aji ɗaya a lokacin sai ya gama firamare kafin gonar ubansa ta sake kawo kwabo. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar Yolanda a wurare irin Guiuan, kuma ba a ɗaukar ta a hoto.

Gwamnati ta yi tunani irin naka. Ta ayyana cewa kada a sake gini a cikin mita 40 daga bakin ruwa, aka fara gina rukunin gidaje a cikin tudu. Niyyar mai kyau ce, kuma ga wasu unguwannin da ke kan yashi dab da ruwa babu wata mafita ban da ita. Sai dai ka duba ta idon masunci. Jirginsa da injinsa su ne dukiyarsa, ba zai kwana nesa da su ba. Yana fita da tsakar dare, lokacin da babu abin hawa. Kuɗin babur zuwa gaɓa da dawowa zai cinye ribar ranar. Matarsa ta rasa tsintar da take yi in teku ta janye. A wurare da dama an gama gidajen a makare, wasu babu ruwan famfo. Don haka a yankin gaba ɗaya aka ga iyalai sun karɓi makulli, amma suna kwana a bukkarsu ta bakin teku, gidan tudu ya zama mafakar ranar guguwa. Ba taurin kai ba ne, lissafi ne. Guguwa irin Yolanda takan zo sau ɗaya a rayuwar mutum, yunwa kuwa kullum sai ta zo. Abin da na ga ya fi amfani shi ne gargaɗi da wuri cikin harshen da mutane ke ji, da ginin mafaka mai ƙarfi kusa da unguwa, da wurin da za a ja jirage a ɓoye. An ga amfanin haka a Disamba 2014, da guguwar Hagupit ta tunkaro lardin, mutane suka fice tun da wuri ba tare da an roƙe su ba.

Kuma kada ka ɗauka ba sa tashi. Suna tashi, amma ɗaya-ɗaya. Ɗiya ta tafi aikatau Manila, ɗa ya shiga aikin jirgin ruwan dakon kaya, wata ta karanta aikin jinya ta tafi ƙasashen Larabawa. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti a Saudiyya da wuya bai haɗu da ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ba, kuma da yawansu daga ƙananan garuruwa irin wannan suka fito. Kuɗin da suke aikowa shi ke mayar da bangon katako ya zama na bulo, shi ke sayen inji, shi ke biyan makarantar ƙanne. Mutum ɗaya ya yi nisa don sauran su zauna.

Abin da nake tsoron zai iya korar su da gaske yana tafiya ne a hankali. Tun 1994 aka ayyana ruwan Guiuan, kimanin hekta 60,000, a matsayin yankin da aka keɓe don kariya, kuma dokar kamun kifi ta 1998 ta ware kilomita 15 daga gaɓa ga ƙananan masunta. A takarda ke nan. A ruwa kuwa, manyan jirage suna kutsowa, kuma kamun kifi da nakiya, wanda ke farfasa murjanin da kifi ke hayayyafa a ciki, ya daɗe yana addabar yankin. 'Yan sintirin teku na sa kai, Bantay Dagat, suna iya ƙoƙarinsu da ƙananan jirage da man da ba ya isa.

Sai haƙar ma'adinai. Jar ƙasar Homonhon da Manicani tana ɗauke da nikel, Homonhon kuma har da kuromait. A Manicani gwamnati ta dakatar da haƙa a 2002 bayan koke-koke, amma rigimar ta raba tsibirin mai unguwa huɗu kacal gida biyu, masu son aikin da albashinsa da masu ƙin sa, har a cikin dangi ɗaya. A Homonhon ana ci gaba da yanke tudu ana loda ƙasar a jirage zuwa Sin. Mazauna tsibirin, waɗanda aka san su da noman ƙaramin lemon tsami da ake kira kalamansi, suna kukan ƙura da ƙarancin ruwan sha, da jan laka da ke gangarowa teku bayan ruwan sama ya lulluɓe murjani. Crispin Varquez, a matsayinsa na bishop ɗin Katolika na Borongan, hedikwatar lardin, ya sha fitowa fili yana neman a tsayar da aikin. Ban raina hujjar saurayin da ya samu aikin tuƙa tifa a wurin da babu wani albashi ba. Amma ma'adinin yana da ranar ƙarewa, kuma kwakwa ko lemo ba sa tsirowa a ramin da aka kankare ƙasar samansa. A Afrilu 2020, ana tsakiyar kullen korona, an hana mutanen tsibirin zirga-zirga, sai ga jirgin ƙasar waje ya zo lodin kuromait. Hukumomin lardi da majami'a suka yi ca, aka dakatar da lodin na 'yan kwanaki, daga baya ma'aikatar muhalli ta janye dakatarwar aka ci gaba.